Bishiyar Zelkova: Gyaran Rassa da Launin Ganye a Kaka

Wani mai lambu da ke zaune a Amurka ya aiko da tambaya: shekara uku ke nan da ya dasa zelkova, rassan sun cunkushe wuri guda, ganyen kuma ya bushe a kaka bai yi ja ba. Ina matsalar take?

Malam, fara da rassan, nan haɗarin yake. Zelkova, wadda asalinta Japan da Koriya da China ne, gangarta gajere ce, rassa su miƙe sama su bazu kamar tsintsiyar da aka tsayar baki sama. Wannan siffa ce ta ƙawata titin Omotesando a Tokyo. Sai dai idan rassa da yawa suka fito daga gaɓa ɗaya a matse, ɓawo kan maƙale tsakaninsu, ba sa haɗewa da ƙarfi, iska ko nauyin dusar ƙanƙara sai ya tsaga bishiyar. Da hunturu, bayan ganye ya zube, zaɓi rassa huɗu zuwa shida masu tazarar santimita 30 zuwa 45 a jikin ganga. Wanda kaurinsa ya haura rabin na gangar, rage masa tsawo. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na rassan a shekara, kada kuma ka datse kan bishiyar. Tohon da zai biyo baya rarrauna ne.

Launi kuwa, rabinsa gado ne. Bishiyoyin da aka shuka daga iri sun bambanta: wata rawaya, wata ruwan goro, wata ja. Shi ya sa muke ba da shawarar a zaɓi dashe a gandun raino lokacin kaka, sa'ad da ake ganin launin ganyen, ko a sayi sanannen nau'i kamar Village Green mai ganye jaja-jaja a kaka. Sauran rabin yana hannunka. Rashin ruwa a tsakiyar lokacin zafi yana ƙona gefen ganye ya zube da wuri, don haka a ba ta ruwa mai ratsa ƙasa sau ɗaya a mako, a rufe gindi da ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 8, ban da jikin ganga. A daina takin naitirojin daga tsakiyar zafi, yana jinkirta launi. Hasken rana da dare mai sanyi su ke fito da ja.

Wani daga Kano ya tambaya ko za ta yi a gonarsa. A'a. Tana buƙatar watannin sanyi mai tsanani don ta huta, sanyin hunturunmu bai kai nan ba.