Amsa kan tsohuwar bindigar gado mai baki biyu

Assalamu alaikum jama'ar gida. To ƙanina, na ji saƙonka, wai ina za ka samu sifirin da allurar nan mai dukan gindin harsashi na bindigar da kaka ya bari. Ni dai abin da na fahimta, so kake ka sa mata harsashi ka harba, ko ba haka ba? To tsaya tukuna.

Cire katakon nan na gaba, ka raba bututun da jikin, ka juya shi. A ƙasa, wajen da yake shafe, akwai 'yan tambura ƙanana. Tunda ka ce an rubuta Birmingham, to can gidan gwajin bindigoginsu aka buga su, gidan yana nan tun 1813. In ka ga NP ko BNP, an gwada ta da albarushin zamani. In babu, ta baƙin albarushi ce, irin na adaka, kada ka kuskura. Kuma duba ƙarfen da kyau, in ka ga zane yana murɗewa a jikinsa, Damaskus ke nan, sandunan ƙarfe aka murɗa aka naɗa aka haɗe a maƙera. Tsatsa takan ɓuya a tsakanin haɗin, ido ba ya gani. Sannan yawancin tsofaffin na Ingila ramin harsashinsu milimita 65 ne, inci biyu da rabi, na kasuwa kuwa yanzu 70 ne. Zai shiga fa! Zai shiga lafiya lau ta rufu, alhali ba nata ba ne, shi ya sa mutane ke ruɗuwa.

Maganar kayan gyara kuma, wallahi ba kamar na babur ba ne da za ka je ka ce a ba ka lamba kaza. Maƙeran bindiga na Ingila irin su Greener da Webley & Scott da hannu aka goga kowane ƙarfe ya zauna a tasa bindigar. Ko ka samo na wata irinta sak, sai an sake gogawa. Sifirin ma ƙera shi ake yi... to, a'a, in irin ginin Anson da Deeley ce, na 1875, wadda ba ta da kunnuwa a waje, ana samun ɗanyen sifirin a wajen dillalan Ingila, amma shigo da shi sai da takarda. Kai lasisin ma fa? Na kaka bai bi gado ba, sai ka nemi naka a wajen 'yan sanda, kuma mai gyaran ya zama yana da izini.

Abin da ke ƙona min rai, bindigar babanmu, Allah ya jiƙansa. Wani ɗan'uwa ya ɗauka ya kai wa mai walda, wai a sabunta. Mai waldan ya bi ta da samfefa har zanen furannin jikin ya shafe, ya sa wuta a bututun, dalmar da ta riƙe tsakiyar bututun biyu ta narke, katakon kuma ya lafta masa fenti mai ƙyalli. Har kawunan notin ya tauna da sukundireban kafinta! Kuma ya karɓi kuɗi, har yana jiran a yi masa godiya. In na tuna har yau... bari dai.

Kai yanzu tsumma da ɗan mai kawai. Rataye bututun da igiya ka ƙwanƙwasa da bayan cokali, in ya yi ƙara garau dalmar tana nan, in ya yi dum ta saki. Turo min hoton tamburan nan, amma a hasken rana, ba irin hotunanka na dare ba.