Tambaya da Amsa: Ɓera da mutuwar ƙashin muƙamuƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗalibar likitancin haƙori ce ni. An koya mana cewa magungunan ƙarfafa ƙashi kan kashe ƙashin muƙamuƙi. Ta yaya ake gwada wannan a jikin dabbobi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Robert Marx ne ya fara bayyana cutar a Amurka a 2003, a jikin mutum 36 masu karɓar pamidronet ko zoledronet. Magungunan suna hana ƙwayoyin da ke share tsohon ƙashi yin aikinsu, sai rauni ya ƙi warkewa, ƙashi ya zauna a buɗe fiye da mako 8.

Ɓera aka fi amfani da shi. Akan yi masa allurar zoledronet na wasu makonni, sau da yawa haɗe da deksametazon, maganin rage kumburi mai danne garkuwar jiki, sannan a sa shi barci a cire turmin haƙori. Ba a cire haƙoran gaba, domin ba sa daina tsiro. Wasu kuma zaren siliki suke ɗaurawa a wuyan turmin har dasashi ya kumbura. Ki riƙe wannan da kyau: da wuya magani shi kaɗai ya fito da ƙashi fili, sai ya haɗu da rauni ko ƙwayar cuta. Daga baya a yanka muƙamuƙin siriri-siriri a duba da madubin likita, a ƙirga ramukan ƙwayoyin ƙashi da suka zama wayam, alamar ƙashin ya mutu.

Wurin cire haƙorin ne aiki ya fi lalacewa. Saiwar turmin ɓera siririya ce, tana karyewa ta maƙale, ramin ya ƙi rufewa ko babu magani, sai a ɗora wa magani laifin. Shi ya sa dole a ware rukunin da aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai. Awon magani ma abin lura ne: mai ciwon daji miligiram 4 na zoledronet yake karɓa duk mako 3 zuwa 4, amma wasu gwaje-gwajen sukan ninka wannan sau da dama bisa nauyin ɓera.

Denosumab kuwa, wani maganin ƙarfafa ƙashi mai toshe RANKL (sinadarin da ke tayar da ƙwayoyin share ƙashi), ba ya kama RANKL na ɓera, sai a yi amfani da OPG-Fc, wani sinadari mai toshe shi, a madadinsa. Kuma ɓawon ƙashin ɓera ba ya sabuntawa daga ciki irin na mutum, don haka masu bincike kan koma ga kare, tunkiya ko ƙaramin alade, duk da tsadarsu.