Dutsen Zuma ya koma tsakuwa a wayata: amsoshin masu ɗaukar hoton daji da duwatsu

Tambaya ta farko daga wani magidanci ce da ke yawan bin hanyar Kaduna zuwa Abuja: "Duk sanda na iso wajejen Madalla nakan ɗauki Dutsen Zuma. A ido ya tokare sama, amma a waya sai ya fito ɗan mitsitsi, rabin hoton kwalta ce da motoci. In na yanke gefe-gefen don ya cika, sai ya dushe. Mai shago ya ce maganin abin waya mai megafiksel 108. In saya?"

Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Babbar kyamarar kusan kowace waya mai faɗin gani ce, abin da masu hoto ke lissafawa da milimita 24 zuwa 26. An yi ta ne don ta kwashe falo sukutum ko dangin amarya a layi ɗaya, shi ya sa duk abin da ke nesa take ƙanƙantar da shi. Idonka kuwa yana da zaɓi. Dutsen yake kallo, ya manta da tirelar da ke gabanka. Kyamara ba ta san wannan kara ba, duk abin da ta tarar za ta saka.

Ga dalilin dushewar. Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne na hoto. Hoton megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a faɗi, 3000 a tsaye. In ka yanke rabin faɗin da rabin tsayin, ba rabin hoton ya rage maka ba, rubu'i ne: 2000 da 1500, wato megafiksel 3. In ka ƙara yanka irin wannan sau ɗaya, ba ka kai ko megafiksel guda ba. Jawo hoto da yatsu biyu a kan allo ma yankan ne, sai dai wayar ce ke yi maka, sannan ta hura abin da ya rage.

Mai shagon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma bai faɗa maka duka ba. Irin waɗannan wayoyi suna haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da kake samu yau da kullum bai wuce megafiksel 12 ɗin nan ba. Masu 50 suna haɗa huɗu-huɗu. In ka kunna cikakken 108 da rana tsaka za ka ga ɗan ƙari, amma ba ninki tara ba, don gilashin ƙarami ne. In kuma hazo ya sauka, babu adadin megafiksel ɗin da zai huda shi.

Abin da ya cancanci kuɗi, in lallai sai ka saya, shi ne waya mai kyamara ta daban ta hangen nesa, mai jawowa ninki 3 ko 5 da gilashinta. Kada yawan idanun da ke bayan waya ya ruɗe ka. A wayoyi masu sauƙin kuɗi, sau da yawa ɗaya ne kawai na aiki sosai, sauran 'yan rakiya ne masu megafiksel 2. Maɓallin 2x ɗin ma a wayoyi da yawa yanka ne kawai. Gwajin ba wuya: fito bakin shagon, nemi wani allon talla mai nisa, ɗauka a 1x, ɗauka a 3x, sannan ka buɗe su ka dubi ƙananan rubutun. In na biyun bai fi karantuwa ba, ka ajiye ta.

Kafin nan ma akwai abin da ƙafarka za ta yi kyauta. Sauka daga babban titi, wanda dama tsayawa a gefensa kasada ce, ka nemi wurin da gona ko bishiya za su maye gurbin kwalta. Sa wani abu da kowa ya san girmansa a ƙasan hoton, mutum ko saniya ko rufin gida, shi zai gaya wa mai kallo girman dutsen. In kana son dutsen ya rinjayi mutumin da ke gabansa, kada ka matso kusa da mutumin. Ja da baya sosai, sannan ka jawo. Nisan da ke tsakaninka da su ne ke yanke girman kowa a hoto. Dubi bayan takardar naira 100: dutsen ya cika wurinsa, ba a bar masa tarkace ba.

Wata baiwar Allah daga Jalingo ta rubuto: "Na ɗauki tsaunukan Mambila a hanyar Gembu, hoton ya cika allon wayata, ya yi kyau ƙwarai. Na kai a wanke mini inci 8 da 10 don in sa a firam, sai mai wankin ya datse gefe biyu, har da bukkar da na fi so. Laifinsa ne? Wane firam zan saya?"

Hajiya, ki yafe masa. Kin ɗauka a kan 16:9, wato dogo siriri, takardar 8 da 10 kuwa ta kusa murabba'i. Ba yadda za a yi tabarma ta shiga faifai ba a naɗe ta ba. A lissafi, kusan kashi 30 cikin ɗari na faɗin hotonki ne zai tafi. Inda ya gaza shi ne bai nuna miki kafin ya wanke ba.

Wannan hoton dai, ki nemi 8 da 12, asarar za ta ragu zuwa kusan kashi 16, ko ki ce a wanke shi duka a bar farin fili sama da ƙasa. Ni na fi son na biyun, farin yana ƙara masa kwarjini a bango. Ki zaɓi girman hoto kafin ki sayi firam, ba akasin haka ba. Kuma ki yanke da hannunki a waya kafin ki kai, don ke kika san wace bukka ce ba a taɓawa. Wajen turawa, kada ki aika ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi. Ki tura a matsayin fayil, ko a kwafa da igiya.

Nan gaba ki mayar da kyamarar kan 4:3. Mutane na ganin 16:9 ya fi girma don ya cika allo, alhali a yawancin wayoyi 4:3 ne cikakken abin da kyamara ta gani, ɗayan kuwa an riga an aske masa sama da ƙasa. Daga 4:3 zuwa 8 da 10, kusan kashi 6 kawai za ki rasa.

Wani ɗalibi ya ce hotunansa na madatsar ruwan Tiga duk a karkace suke, kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe ɗaya. Ya sayi ƙafar kyamara mai uku?

A'a, ɗan'uwa. Shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, ka daidaita bakin ruwa da ɗaya daga cikinsu. Waɗanda ka riga ka ɗauka, manhajar Snapseed kyauta ce, tana miƙe su, sai dai miƙewar tana cin gefe, don haka ka riƙa barin ɗan sarari. Ƙafar sai in za ka yi hoton almuru, ko kana son ruwan Gurara ya fito kamar zaren auduga. Tunda ka kunna layukan, ga amfaninsu na biyu: lokacin hunturu, sama fara fat ba komai a cikinta, ba ta kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Da damina, in hadari ya haɗu, ba ta biyu. Masu cewa haramun ne a sa layin da sama ta haɗu da ƙasa a tsakiya ba su ga dutse da inuwarsa a ruwa mai kwance ba.

Ta ƙarshe daga Gusau: "Ina son ɗaukar Dutsen Kwatarkwashi da gonakin da ke kewaye da shi. Sabuwar waya ko tsohuwar kyamarar Canon ko Nikon ta hannu?"

In da gaske hoto ne a ranka, kyamarar. Mai megafiksel 24 tana ba da 6000 da 4000, ko ka yanke rabi da rabi kana da megafiksel 6 masu tsabta. In ka haɗa da gilashin hangen nesa mai milimita 55 zuwa 200 ko 250, ka wuce inda yawancin wayoyi ke kaiwa. Wajen ciniki haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai fumfuna kamar saƙar gizo, ka tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka gwada batir. Kada ka canja gilashi a fili ranar ƙura. Amma ka auna kanka: tana da nauyi, tana jawo ido, kuma a hanyoyin da ke da shingen jami'an tsaro za ka sha tambaya. In ka san za ta riƙa kwana a durowa, sayi wayar mai ninki 3.