Tambayoyinku: Makaniken Jirgin Sama a Hannun Sojan Japan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni makanike ne, kuma ina son tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. Na ji an ce cikin fursunonin da Japan ta kama har da dubban sojojin saman Birtaniya waɗanda ba matuƙa ba ne, masu gyaran jirgi ne kurum. Yaya aka yi aka kama mutumin da ba ya zuwa bakin daga? Kuma sana'arsa ta yi masa rana a tsare kuwa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin mutanen da ka tambaya a kansu su ne aka fi mantawa idan ana ba da labarin yaƙin nan.

Kowane jirgin yaƙi da ya tashi, akwai mutane a ƙasa da suka kwana a kansa: mai gyaran inji, mai duba gangar jiki da fukafukai, mai ɗura harsashi da ɗaura bam, mai gyaran rediyo, da mai kula da na'urar rada da ke hango jiragen abokan gaba. Lokacin da sojan Japan suka sauka a Kota Bharu, arewacin Malaya, ranar 8 ga Disamba 1941, jiragen da waɗannan bayin Allah ke fama da su ba na a zo a gani ba ne. Akwai Brewster Buffalo, wanda injinsa ke yawan ɗaukar zafi a wannan yanayi, ga nauyi. Sai da makanikai suka riƙa kwance masa kaya, har da sauya bindigoginsa da ƙanana, don ya iya hawa sama da sauri. Akwai kuma Vickers Vildebeest, tsohon yayi mai fukafukai hawa biyu. A Janairu 1942 aka kawo jiragen Hurricane 51 Singafo cikin akwatunan katako, gunduwa-gunduwa, makanikai suka harhaɗa su cikin 'yan kwanaki ana yi musu ruwan bama-bamai. Kai da ka san abin da ake nufi da haɗa inji cikin gaggawa ba isassun kayan gyara, ka fi ni sanin irin wannan aiki.

To, yadda aka kama su ba wuyar fahimta. Idan filin jirgi zai faɗi, matuƙi ya hau jirginsa ya tashi. Makanike kuwa sai dai ya bi mota ko jirgin ruwa, in ya samu. Kafin Janar Percival, kwamandan sojan Birtaniya a yankin, ya miƙa Singafo ranar 15 ga Fabrairu 1942, an kwashe yawancin sojojin sama zuwa Palembang a tsibirin Sumatra. Ranar 14 ga wannan wata sojojin laima na Japan suka diro musu a can, masu sifana suka ɗauki bindiga suka kare filin iya ƙarfinsu, sannan suka tsallaka tsibirin Java (Indonesiya a yau), wanda ke ƙarƙashin mulkin Holan. A Java abin ya zama gaba kura baya sayaki. Jiragen ruwan da za su kai mutane Ostireliya kaɗan ne, jiragen sama sun ƙare. Kwamandan sojan Holan ya miƙa wuya ranar 8 ga Maris, bayan 'yan kwanaki na Birtaniya suka bi. Kimanin sojojin sama 5,000 suka shiga hannu a nan, mafi yawansu ma'aikatan ƙasa ne, da yawa ba su taɓa samun horon yaƙin ƙasa na kirki ba.

Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Jeniba ta 1929 kan fursunonin yaƙi, amma ba ta tabbatar da ita ba. An kuma tarbiyyantar da sojanta cewa a kama mutum da rai abin kunya ne, saboda haka ba su ga fursuna da daraja ba. Kullum safe da yamma a yi layi, abin da suke kira tenko, kowa ya faɗi lambarsa da Japananci, wanda ya yi tuntuɓen harshe ya sha mari ko gora. Duk sojan da ka gani, komai ƙanƙantar muƙaminsa, sai ka rusuna masa.

Bari in tsaya a wuri guda, domin a nan ne labarin sojojin sama ya fi taruwa. A Afrilu 1943 aka loda fursunoni sama da 2,000, galibinsu sojojin sama, daga Surabaya da ke Java zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Haruku, kusa da Ambon. Aikin da aka kai su shi ne su gina filin jirgi a kan farin dutsen murjani. Mutanen da suka ƙware da injin jirgin sama aka miƙa wa guduma da cizal su fasa dutse, su kwashe a kwando, biyu-biyu da sanda a kafaɗa. Sun iso ana tsuga ruwan sama, bukkokin ba a gama su ba. Likitocinsu suka roƙi a bari su gina makewayi a kan teku, aka hana. Ruwa ya cika ramukan ba-haya ya malalo cikin sansani, atuni ya ɓarke. Cikin 'yan watanni an binne kusan mutum 400. Sai bayan ɓarna ta auku aka yarda da makewayin, cutar kuwa ta ja baya. Wannan ne ya fi ƙona mini rai a duk labarin: maganin a bayyane yake, ba ya cin ko sisi, an faɗe shi tun ranar farko.

Waɗanda atuni ya bari, yunwa ta kama su. Abincin farar shinkafa ce tsura, sai ɗan romon ganye. Rashin bitamin ya kawo beriberi, ƙafafu su kumbura, tafin ƙafa ya yi ta zogi har mutum ya kasa barci. Idanu suka fara dushewa, ga ƙyallin farin dutse a tsakar rana yana ƙara musu. Tufafi sun ƙare, sai bante.

A nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Cikin fursunonin akwai wani jami'in rada, Leslie Audus, wanda kafin yaƙi masanin tsirrai ne. Shi ya san cewa yis na ɗauke da bitamin ɗin da jikinsu ke nema, sai ya shiga haɗa shi daga masara da 'yan tarkacen da aka samu a sansani. Waken soya kuma, wanda cikin marasa lafiya ba ya iya narkarwa ko an dafa, ya riƙa sa masa funfuna irin yadda mutanen Java ke yin abincin da suke kira tempe, ya zama mai sauƙin narkewa. Mutane da dama da wannan suka tsira da ransu da ganinsu. Audus ya rayu, ya zama farfesa a Landan, ya rasu a 2011.

Haka abin yake a sauran sansanoni. Masu aikin hannu ne suka ƙera ƙafar katako ga waɗanda gyambo ya sa aka yanke wa ƙafa, suka haɗa tukunyar tace ruwa don yi wa masu kwalara ƙarin ruwa a layin dogon Tailan zuwa Burma (Myanmar a yau). Masu gyaran rediyo suka haɗa 'yan ƙananan akwatuna a ɓoye, wani cikin gorar ruwa ta soja, wani cikin kan tsintsiya, ana kama labarai da dare a raɗa wa amintattu. Amma fa wannan wasa da rai ne. A Kanchanaburi ta Tailan, Satumba 1943, an doke hafsoshin Birtaniya biyu har lahira a kan rediyo. Sannan Japanawa na neman masu sana'a don tura su ma'aikatun ƙera jiragen ruwa a Japan, shi ya sa wasu ke ɓoye sana'arsu, ba sa son gwanintarsu ta taimaki abokin gaba. Don haka sana'ar ta yi rana, amma ba ta zama garkuwa ga mai ita ba.

Tafiya a teku ma wata masifar ce. Ranar 29 ga Nuwamba 1943 jirgin ƙarƙashin teku na Amurka, Bonefish, ya harbi jirgin ruwan Japan mai suna Suez Maru, wanda ba shi da wata alama da ke nuna akwai fursunoni a ciki. Yana ɗauke da marasa lafiya 548 daga Haruku da Ambon. Jirgin rakiya ya tsamo Japanawa, sannan ya buɗe wa fursunonin da ke ruwa wuta. Kotun Tokyo bayan yaƙi ta ƙiyasta cewa kashi 27 cikin ɗari na fursunonin ƙasashen Yamma sun mutu a hannun Japan, alhali na Birtaniya da Amurka a hannun Jamus da Italiya kusan kashi 4 ne. Kada kuma a manta da leburorin Asiya da aka tilasta wa aiki tare da su, waɗanda mutuwarsu ta ninka ta Turawa nesa ba kusa ba.

Japan ta sallama ranar 15 ga Agusta 1945. Waɗanda suka koma gida an gargaɗe su kada su yi ta ba da labarin abin da suka gani, da yawa kuwa suka yi gum har tsufa, ga ciwon ciki da zazzaɓi da mugun mafarki suna bin su. Diyyar da kowannensu ya samu daga kadarorin Japan a shekarun 1950 kusan fam 76 ce, na shekara uku da rabi a tsare. Sai a Nuwamba 2000 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya fam 10,000 ga kowane tsohon fursuna, ko matar da ya bari in ya riga ya rasu.