Tambaya da Amsa: Wane Ne Surjit Patar?

Tambaya: Malam, ina son sanin ko akwai fitaccen mawaƙin gazal na zamanin nan da ya yi rubutu da harshen Punjabi, domin na ɗauka gazal ta Urdu da Farisanci ce kawai.

Amsa: Akwai, Malama, kuma a ganina Surjit Patar ne ya fi cancanta a fara ambata. An haife shi a shekarar 1945 a ƙauyen Pattar Kalan da ke gundumar Jalandhar a jihar Punjab ta Indiya, ya kuma daɗe yana koyar da Punjabi a Jami'ar Aikin Gona ta Punjab da ke Ludhiana, garin da ya rasu a watan Mayun 2024.

Gazal waƙa ce mai ƙwar biyu, kowane baiti yana cin gashin kansa a ma'ana, amma amsa-amo guda da kalmar da ake maimaitawa a ƙarshe suna ɗaure su wuri ɗaya. A al'ada jigonta bege ne. Gwanintar Patar ita ce ya riƙe wannan tsari mai tsauri, ya kuma zuba masa damuwar jama'arsa: tashin hankalin Punjab na shekarun 1980, da zaman jiran shari'ar da ba ta ƙarewa, da matasan da suka watse ƙasashen waje. A taruka rera baitocinsa yake yi da muryarsa, abin da ya kai su kunnen waɗanda ba sa karanta littafi.

Ya samu lambar Sahitya Akademi, wato cibiyar adabi ta ƙasar Indiya, a 1993 da Padma Shri, lambar girmamawa ta gwamnatin Indiya, a 2012, amma a Disamban 2020 ya sanar da mayar da ta biyun domin mara wa manoma masu zanga-zanga baya.