Rantsuwar da ta kasa hana yaƙin basasar Ingila

Tambaya: Malam, na ji an ce gab da yaƙin basasar Ingila an rantsar da mazan ƙasar cewa za su kare sarki da majalisa. To, yaya aka yi mutanen da suka rantse kan abu guda suka zare wa juna takobi?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa. Sunan rantsuwar Protestation. 'Yan majalisar wakilai ne suka fara yin ta ranar 3 ga Mayu 1641, lokacin da jita-jita ta cika Landan cewa mutanen Sarki Charles na Ɗaya suna shirin turo sojoji kan majalisa. Mai rantsuwa zai ɗauki alkawarin kare addinin Furotesta daga Katolika, ya kare sarki, ya kare 'yancin majalisa da haƙƙin jama'a. Duka a numfashi ɗaya.

A nan gizo ke saƙar. An ɗaure sarki da majalisa da igiya guda, amma ba a faɗi wanda za a bi ba in wannan ya ja gabas, wancan ya ja yamma.

Aka kuwa ja. Ranar 4 ga Janairu 1642 sarki ya shiga zauren majalisa da ƙafarsa don kama wakilai 5, ya tarar sun sulale. Bayan haka kakakin majalisar, William Lenthall, ya aika wa larduna takarda cewa duk namiji mai shekara 18 zuwa sama ya rantse. Limaman coci suka riƙa rubuta sunan kowa, wanda ya ƙi ma a rubuta nasa. A ganina daga nan rantsuwar ta zama ƙidaya, ta gano 'yan Katolika da masu ɗari-ɗari da majalisa.

Kada ka manta, mutanen sun riga sun sha rantsuwa. A 1640 shugabannin coci sun nemi limamai su rantse ba za su taɓa yarda a sauya tsarin mulkin bishof-bishof ba, aka cusa kalmar "da sauransu" a ciki. Jama'a suka yi ta ba'a: wa zai rantse da sunan Allah kan "da sauransu"?

Da sarki ya kafa tutar yaƙi a Nottingham ranar 22 ga Agusta 1642, kowane ɓangare ya ce shi ne mai cika alkawari. Na sarki suka nuna inda aka ambaci sarki, na majalisa suka ce miyagun mashawarta suke yaƙa don ceto shi. A 1643 majalisa ta sake fito da wata sabuwar rantsuwa don samun sojojin Scotland.