Masarautar da ka ƙirƙira da sunan Bagauda

Auwalu ɗana, na ga saƙonka. Wai kana rubuta labarin wata tsohuwar masarauta da babu ita a duniya, mai sarakuna da aljanu da birni a kan gajimare, kana tambaya ko al'ada ta yarda ka sa wa sarkinta na farko suna Bagauda, sunan sarkin Kano na farko. Na yi dariya, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai.

Ina yaro, farkon sarautar Ado Bayero, wanda ya hau a 1963, kawuna ya kai ni kallon Hawan Daushe. Tun la'asar muke Ƙofar Kudu, ya ɗora ni a wuya. 'Yan bindiga suka saki wuta, hayaƙi ya turnuƙe, na ƙanƙame hularsa. Can sai ga 'yan lifidi, ga dogarai cikin ja da kore, kakaki na tsaga kunne. Sarki ya iso ƙarƙashin lema, amawali ya rufe baki, bai ce uffan ba. Hakimai suka yi ta sukuwa suna zuwa jahi, doki ya ci birki dab da shi, a ɗaga hannu a yi jinjina. Ban san lokacin da takalmina ɗaya ya faɗi ba.

Da dare na tambayi kakarmu wa ya fara wannan abu. Ta ce kakaki da figini tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarki ya kafa kasuwar Kurmi. Ta faɗi wanda ta ji a bakinsa, ta faɗi wanda shi ma ya ji daga gare shi. Da na ce ta ƙara mini da labarin Dodo, sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Takan ce ƙarya ma tana da ƙofarta, a shiga da sallama a fita da ƙurunƙus. Ba ta taɓa sa Barbushe, babban matsafin Kano na da, ko dutsen Dala cikin labarin Gizo ba, domin masu sunan nan suna da jikoki a gari.

Ku yanzu komai a waya yake, ba dare ba rana, yaro ya karanta ya ɗauka tarihi ne. Ƙannenka nawa suka taɓa leƙa Gidan Makama, gidan tarihin Kano? Kai kanka yaushe rabonka da hawa Dala? Ka je tukuna, in ka sauko ka biyo ta gida ka karanta mini babin farko.